Amurka: hangen dala ba shiga birni ba

Mako ɗaya na watan Nuwamban 2025 ya isa ya nuna halin da Amurka take ciki. A ranar 1 ga watan, tallafin abinci da gwamnatin tarayya ke bai wa mutane kimanin miliyan 42 ya tsaya, saboda ƴan majalisa sun kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi, ma'aikatu da dama kuma suna rufe tun farkon Oktoba. Layuka suka yi tsawo a ƙofar cibiyoyin da ke raba abinci kyauta. A ranar 4, mazauna birnin New York suka zaɓi Zohran Mamdani, matashi ɗan shekara 34 haifaffen Kampala, a matsayin magajin gari, bayan ya gina yaƙin neman zaɓensa kan tsadar haya da kuɗin mota da na cefane. A ranar 6 kuma, masu hannun jari a kamfanin motoci na Tesla suka amince da wani tsarin lada da zai iya bai wa Elon Musk hannayen jari na kusan dalar Amurka tiriliyan ɗaya, wato miliyar dubu, idan kamfanin ya cimma wasu sharuɗɗa cikin shekaru goma.

Tazara tsakanin mai shi da marar shi ba baƙon abu ba ne a Amurka, kuma Amurkawa sun daɗe suna haƙuri da ita fiye da Turawan Faransa ko na Jamus. Dalilin haƙurin shi ne wani alkawari: komai talaucin gidan da aka haifi yaro, idan ya yi karatu ya yi aiki tuƙuru, zai fi iyayensa. Tambayar da ke gaban ƙasar yanzu ita ce ko wannan alkawari yana nan. Alƙaluman da masana suka tattara cikin shekaru goma sha da suka wuce sun nuna cewa tsanin yana nan a jingine, amma matakansa sun yi nisa da juna, kuma gidan da aka haifi yaro da unguwar da ya tashi su ne suka fi yanke hukunci kan inda zai tsaya.

Alkawarin da ya yi rauni

Marubucin tarihi James Truslow Adams ne ya yaɗa kalmar "mafarkin Amurka" a wani littafi da ya fitar a 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arziki. Shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu sun gaskata shi. Mutum mai takardar sakandare kaɗai yakan samu aiki a masana'antar motoci ta Detroit ko ta ƙarafa ta Pittsburgh, ya sayi gida da mota, ya tura ƴaƴansa jami'a da albashi ɗaya.

Masanin tattalin arziki Raj Chetty, na jami'ar Harvard, da abokan aikinsa sun auna wannan alkawari ta hanyar bin takardun haraji da na ƙidaya na miliyoyin iyalai. Sakamakon da suka fitar a ƙarshen 2016 ya nuna cewa cikin yaran da aka haifa a 1940, sama da 90 cikin 100 sun samu kuɗin shiga fiye da na iyayensu a lokacin da suka kai shekara 30. Cikin waɗanda aka haifa a shekarun 1980, rabi ne kawai suka yi hakan. Abin da ya kasance kusan tabbas ga kakanni ya koma canki-canki ga jikoki.

Masanan sun kuma tambayi abin da ya jawo hakan. Shin tattalin arzikin ne ya rage gudu, ko rabon ne ya sauya? Lissafinsu ya nuna cewa da a ce ƙasar ta ci gaba da bunƙasa da saurin da take yi a da, amma da irin rabon yau, adadin zai tashi daga 50 zuwa 62 ne kawai. Da kuma a ce an bar saurin yau yadda yake, aka koma ga irin rabon da, adadin zai kai 80. Ke nan tukunyar ba ta daina cika ba. Ludayin ne ya koma hannun ƴan kaɗan.

Ina kuɗin suka tafi?

Alƙaluman babban bankin Amurka sun nuna cewa kashi 1 cikin 100 na gidaje mafi arziki suna riƙe da kusan kashi 30 na dukiyar ƙasar. Rabin jama'a na ƙasa, gidaje sama da miliyan 60, suna raba kimanin kashi 2 da rabi. Kusan kashi 90 na hannayen jarin kamfanoni suna hannun kashi 10 na sama. Don haka duk lokacin da kasuwar hannayen jari ta New York ta haura, labari ne mai daɗi ga ƴan tsiraru, mafi yawan jama'a kuwa sai dai su ji a rediyo.

Abubuwa da yawa ne suka haɗu suka kawo haka, kuma kusan dukansu sun soma ne a ƙarshen shekarun 1970.

Na farko shi ne gushewar aikin masana'anta. A 1979, mutane kimanin miliyan 19 da rabi ne ke aiki a masana'antun ƙasar. Zuwa 2010 sun koma ƙasa da miliyan 12. Injina sun maye gurbin wasu, wasu ayyukan kuma sun ƙaura zuwa Meziko da Asiya, musamman bayan shigar ƙasar Sin ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001. Garuruwan saƙa da na ƙera kujeru da gadaje a jihar Karolina ta Arewa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Greensboro, tsohuwar masaƙar yadin jin ta White Oak, wadda ta yi sama da shekara 100 tana aiki, ta rufe ƙofa a ƙarshen 2017. Ayyukan da suka maye gurbi, na ɗakunan ajiyar kaya da shaguna da kula da tsofaffi, ba su biya kamar na da.

Na biyu shi ne raunin ƙungiyoyin ƙwadago, wato sandika. A shekarun 1950, kusan ma'aikaci ɗaya cikin uku ɗan ƙungiya ne. A 1983 sun koma ɗaya cikin biyar, a 2024 kuma ɗaya cikin goma. Ma'aikacin da ba shi da ƙungiya shi kaɗai yake tsayawa gaban mai kamfani. A ɗaya ɓangaren, wata cibiyar bincike ta Washington mai kusanci da ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙiyasta cewa a 1965 shugaban babban kamfani yana samun ninki 21 na abin da ma'aikacinsa ke samu, a 2023 kuwa ninki 290.

Na uku shi ne mafi ƙarancin albashi. Dokar tarayya ta tsayar da shi kan dala 7.25 a awa tun watan Yulin 2009, kuma majalisa ba ta sake taɓa shi ba, alhali farashin kaya ya yi ta hawa. Jihohi kusan 30 sun ɗaga nasu, Kalifoniya ta haura dala 16, amma kimanin jihohi 20, akasarinsu a kudu da tsakiyar ƙasar, suna nan kan tsohon adadi.

Na huɗu shi ne haraji. A zamanin shugaba Eisenhower, a shekarun 1950, harajin da ke kan kason ƙarshe na kuɗin shigar attajirai ya kai kashi 91. Ya kasance 70 lokacin da Ronald Reagan ya hau mulki a 1981, ya sauka zuwa 28 kafin ya bar fadar White House. Yau yana kan 37. Ribar da ake samu daga sayar da hannun jari kuma ana yi mata haraji ƙasa da na albashi, ga shi kuwa manyan attajirai daga nan ne mafi yawan arzikinsu ke fitowa.

Unguwar da yaro ya tashi

Masana kan jera gidajen ƙasa daga mafi talauci zuwa mafi arziki, su raba su gida biyar. Sai su duba: yaron da aka haifa a rukunin ƙasa, wace dama yake da ita ta kaiwa rukunin sama? Da haihuwa ba ta da tasiri, amsar za ta zama 20 cikin 100. A Amurka amsar ita ce 7.5. A Ingila 9 ce, a Danmak ta kusa 12, a Kanada kuwa ta haura 13. Yaron talaka da aka haifa a tsallaken iyaka, a Kanada, ya kusa ninka na Amurka damar cika mafarkin da ake kira na Amurka.

Cikin ƙasar kanta ma bambancin ya yi yawa. Binciken da Chetty da abokansa suka fitar a 2014 ya nuna cewa a yankin San Jose na Kalifoniya damar ta kai 12.9, a Salt Lake City ta kusa 11. A Atlanta 4.5 ce, a Charlotte, babban birnin kasuwanci na Karolina ta Arewa, 4.4, mafi ƙanƙanta cikin manyan yankuna 50 na ƙasar. Abin mamaki shi ne Atlanta da Charlotte birane ne masu bunƙasa, cike da bankuna da manyan kamfanoni. Ayyukan suna nan, sai dai waɗanda suka yi karatu a wasu wurare ne ke zuwa su ɗauka, ƴaƴan talakawan garin suna kallo.

Masanan sun gano abubuwa biyar da ke tafiya tare da hawan yara: ƙarancin wariya tsakanin unguwanni, ƙarancin tazarar arziki, ingancin makarantun firamare, ƙarfin zumunci da ƙungiyoyin jama'a, da kuma yawan gidajen da uwa da uba ke tare. Batun makaranta ya fi sauƙin fahimta. Kusan rabin kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga ƙananan hukumomi yake fitowa, akasari daga harajin gidaje. Unguwar da gidajenta ke da tsada tana tara haraji mai yawa, ta ɗauki ƙwararrun malamai. Makaranta mai kyau kuma tana ƙara wa gidajen da ke kewaye da ita tsada, har talaka ya kasa kama haya a wurin. Iyaye suna sayen makaranta ne ta hanyar sayen gida.

Jami'a ba ta gyara abin da firamare ta ɓata. Wani bincike na 2017 ya gano jami'o'i 38, ciki har da biyar daga cikin mafiya suna a ƙasar, inda ɗalibai daga kashi 1 na sama suka fi yawan ɗaliban da suka fito daga kashi 60 na ƙasa gaba ɗaya. Wanda iyayensa ba su da hali sai ya ci bashi. Mutane sama da miliyan 40 ne ke ɗauke da bashin karatu na gwamnatin tarayya, jimillarsa ta haura dala tiriliyan ɗaya da rabi. Matashi yakan soma aiki da bashi a wuya, abokin karatunsa kuma ya soma da gidan da uba ya ba shi kuɗin kafin alƙalami.

Launin fata

Ba a iya maganar unguwa a Amurka ba tare da maganar launi ba. A shekarun 1930, wata hukumar gwamnati ta zana taswirar birane, ta shafa jan launi kan unguwannin baƙar fata a matsayin wuraren da bai kamata a ba da bashin gida ba. Sai a 1968 doka ta haramta wariya wajen sayarwa da ba da hayar gidaje. Shekarun da ke tsakani su ne shekarun da iyalan farar fata suka mallaki gidaje da rancen da gwamnati ta tsaya masa, suka bar wa ƴaƴansu gado. Binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna cewa matsakaicin gidan farar fata yana da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kuwa 44,900.

Wani binciken na 2018 ya nuna cewa cikin yaran farar fata da aka haifa a rukunin ƙasa, 10.6 cikin 100 suna kaiwa rukunin sama, cikin baƙar fata kuwa 2.5. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne na waɗanda aka haifa cikin wadata: yaron baƙar fata da ya tashi a rukunin sama, yiwuwar ya faɗo can ƙasa ta kusa daidai da yiwuwar ya zauna inda yake. Giɓin ya fi fitowa ne tsakanin maza.

Har a tsawon rai abin ya bayyana. Namijin da ke cikin kashi 1 mafi arziki yana rayuwa kusan shekara 15 fiye da wanda ke cikin kashi 1 mafi talauci. Tsakanin mata tazarar shekara 10 ce.

Masu ja da wannan hoto

Ba duka masana suka yarda cewa lamarin ya kai haka muni ba. Thomas Piketty da Emmanuel Saez da Gabriel Zucman, dukansu Faransawa, sun lissafa cewa kason kuɗin shiga na kashi 1 na sama ya kusa ninkawa tun 1980. Gerald Auten da David Splinter, ma'aikatan gwamnatin Amurka biyu masu aiki kan haraji, sun ce idan aka cire haraji aka kuma ƙara tallafin da talakawa ke samu, ƙaruwar ba ta taka kara ta karya ba. Gardamar tana kan yadda za a ƙirga kuɗin da ba a bayyana wa hukumar haraji ba, kuma har yau ba a rufe ta ba.

Akwai kuma wasu hujjoji masu nauyi. Matsakaicin gidan Amurka yana samun sama da dala 80,000 a shekara, abin da ƙasashe ƙalilan ne suka kai. Bayan annobar korona, albashin ƙananan ma'aikata ya hau da sauri fiye da na manya, saboda kamfanoni sun rasa hannu. Wani binciken ƙungiyar Chetty na 2024 ya nuna cewa ƴaƴan talakawa baƙar fata da aka haifa a 1992 sun fi na 1978 samu, yayin da ƴaƴan talakawa farar fata suka ja baya. Wannan na ƙarshe yana taimakawa wajen fahimtar siyasar ƙasar: garuruwan da masana'antu suka mutu a cikinsu suna cikin waɗanda suka fi zaɓen Donald Trump, fushin da ya kai Mamdani ga nasara kuma daga rijiya ɗaya aka ɗebo shi, duk da cewa maganin da kowannensu ke tallatawa ya sha bamban.

Abin da aka gwada

Amurka ta san wasu daga cikin magungunan, domin ta gwada su. Tsakanin 1994 da 1998, gwamnati ta ɗauki iyalai kimanin 4,600 a unguwannin talakawa na Baltimore da Boston da Chicago da Los Angeles da New York, ta bai wa wasunsu, ta hanyar ƙuri'a, takardar biyan haya da sharaɗin su koma unguwa mai dama-dama. Bayan shekaru aka duba. Yaran da suka ƙaura kafin su kai shekara 13 sun girma suna samun kashi 31 cikin 100 fiye da takwarorinsu da aka bari a tsohuwar unguwa. Iyayen su ne dai, yaran su ne dai, maƙwabta da makaranta ne suka sauya.

A 2021, gwamnatin Joe Biden ta faɗaɗa kuɗin tallafin yara, ana biyan iyaye kowane wata. Talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. Majalisa ta ƙi sabunta shirin, a 2022 adadin ya koma 12.4.

Dokar haraji da kashe kuɗi da shugaba Trump ya sa wa hannu a ranar 4 ga Yulin 2025 ta bi wata hanyar. Ta dawwamar da ragin harajin 2017, ta kuma rage kuɗin inshorar lafiyar talakawa da na tallafin abinci. Ofishin kasafi na majalisar dokoki, wanda ba na kowace jam'iyya ba ne, ya ƙiyasta cewa kashi 10 na ƙasa za su yi asarar kimanin dala 1,200 a shekara, kashi 10 na sama kuma su ƙaru da sama da dala 13,000. Magoya bayan dokar sun ce ragin haraji zai jawo zuba jari da sabbin ayyuka, sharaɗin yin aiki kafin karɓar tallafi kuma zai fitar da mutane daga zaman jira. Shekaru masu zuwa ne za su raba gardama.

Baƙo da ɗansa

Ga matashin Maraɗi ko Damagaram da ke lissafi a waya, dala 7.25 ta ɗan haura jika huɗu na sefa. Aikin awa 11 ya zarce jika 42, mafi ƙarancin albashin wata a Nijar. Lissafin daidai ne, amma rabinsa ne. Mai wannan albashi, ko da ya yi aiki shekara cur ba hutu, dala 15,080 zai tara kafin haraji. Rabin masu haya a ƙasar suna kashe sama da kashi 30 na abin da suke samu kan ɗaki kaɗai, kuma sama da mutum ɗaya cikin uku sun shaida wa babban bankin ƙasar cewa ba za su iya fitar da dala 400 daga aljihu ba idan larura ta taso.

Duk da haka, a nan ne alkawarin ya fi riƙe ƙarfinsa. Ran Abramitzky da Leah Boustan, masana tarihin tattalin arziki, sun bi sawun miliyoyin baƙi na sama da shekara 100. Sun gano cewa baƙon da ya zo da kansa ba kasafai yake yin tsallen da ake ba da labari ba: yakan soma a ƙasa, ya daɗe a can. Ƴaƴansa ne ke hawa, kuma suna hawa fiye da ƴaƴan talakawan da aka haifi iyayensu a ƙasar, kusan daga kowace ƙasa suka fito. Babban dalilin da masanan suka bayar shi ne baƙo ba shi da kabarin kaka da zai riƙe shi a garin da ya mutu, don haka yakan sauka inda dama take.

Wannan ya mayar da magana kan unguwa. Ƴan Nijar mazauna Amurka sun fi taruwa a New York da kuma Greensboro, a jihar nan ta Karolina ta Arewa da ke cikin yankin da ƴaƴan talakawa suka fi wahalar hawa. Ga direban tasi ko ma'aikacin ɗakin ajiyar kaya da ke raba albashinsa tsakanin haya da aiken gida, shawarar da ta fi nauyi a rayuwarsa wataƙila ita ce unguwar da zai kama ɗaki da makarantar da ƴarsa za ta shiga tana shekara 6. Abin da ya samu da guminsa zai ciyar da gida biyu, na can da na nan. Amsar ko tafiyar ta biya kuwa sai bayan shekara 25, a takardar albashin yarinyar.